Wurin gashin ƙashi da na je kan ciwon baya da ramewar sharaɓa

Duk wanda ciwon baya ke sauko masa ƙafa ya san yadda ake yi da mu: allura, man shafawa, ƙwayar rage zafi, a ce ka rage zama. Ni tela ne, keken ƙafa nake takawa, ƙafar dama kuma ta daina danna feda da ƙarfi, hawa bene ma sai na riƙa jan ta. Shi ya kai ni wani wurin gashin ƙashi mai zaman kansa a nan Kano. Kuɗinsu dai kun sani.

Ranar farko ce ta sa nake wannan rubutu. Na shiga da hoton MRI ina jiran a kwantar da ni a gasa min baya, sai likitan ya ajiye hoton gefe ya ce, "Malam, cire takalmi, ka dafa bango, ka yi ɗage a kan ƙafar hagu kaɗai." Na yi ta sama da ƙasa lafiya lau. Da aka koma dama, wallahi da ƙyar dunduniyata ta rabu da ƙasa, ƙafar sai karkarwa take. Ya ƙwanƙwasa agarar hagu da 'yar gudumar roba, ƙafar ta zabura, ta dama ko gezau. Sannan ya ɗauko tef irin namu na ɗinki ya zagaya sharaɓa biyun, ta dama ta gaza da kusan inci guda. Tunda ciwon nan ya fara, shi ne mutum na farko da ya dubi ƙasan gwiwata.

Sai a lokacin ya ɗauki hoton ya nuna min faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa biyu na ƙasan gadon baya da ake kira L5 da S1, ya zame yana danne saiwar jijiyar S1. Ita ke kai saƙo ga tsokoki biyu na sharaɓa, mai kaurin ta sama da wadda ke ƙarƙashinta, waɗanda suka haɗu a agara suna ɗaga dunduniya a kowane taku. In saƙon ya yi rauni, tsokar ta rame. Shi ya sa kuma mijirya ke bin bayan cinyata har gefen ƙafa da ƙaramin yatsa. Wanda kuma jijiyar L5 ce ta danne a jikinsa, ɗaga kan ƙafa da babban yatsa ke gagararsa. Ya ja kunnena sosai: duk ranar da fitsari ko bayan gida ya ƙwace min, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, kada in jira ranar zuwa wurinsu, in wuce babban asibiti nan take, ko asibitin ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano. Ya koya min ɗage da ƙafa biyu ina sauka a hankali, da wani ɗagen da ake yi a zaune da nauyi a kan gwiwa. Na fito ina sa masa albarka.

To amma daga ranar, ganinsa ya zama sai sa'a. Kullum yara masu koyon aiki ake haɗa ni da su, a ɗora min jakar ɗumi, a manna min na'urar nan mai tsikarin lantarki, a ja labule a tafi hira. Na'urar tana lafar da zafi na ɗan lokaci, ban musa ba, amma ba ita za ta mayar da tsokar da ta rame ba, likitan da kansa ya faɗa min. Duk da haka kuɗin zama cikakke ake karɓa. Na roƙi a sake auna sharaɓar, aka ce tef ɗin yana ofishin oga, ofis kuma a kulle. Ga mai karɓar kuɗi da ta dame ni da tallar bel ɗin ƙugu wanda likitan bai rubuta ba. Ga jira: a ba ka ƙarfe goma, a kira ka bayan azahar, shago na rufe, masu ɗinki na ta buga waya.

Alhamdulillahi yanzu dunduniyar dama tana tashi, ina taka keke in na riƙa hutawa, sai dai atisayen gida ne ya yi wannan aikin. In za ku je, ku buga waya ku tabbatar shi likitan yana nan, ku biya na ganinsa kaɗai, kada ku yarda a sayar muku da zama goma a dunƙule.