Manjagara tara da 'yar tsanar Burns: zango na biyar na The Simpsons a faifai

Na yi shekaru ina dariyar Sideshow Bob na shirin katun The Simpsons kafin in san cewa wani fim ake yi wa shaguɓe da shi. A tunanina marubutan ne suka zauna suka ƙirƙiri mugun da ya fito daga gidan yari, ya ɗaure kansa a ƙarƙashin motar iyalin Simpson don ya bi su duk inda suka gudu. Ran da na kalli Cape Fear na Martin Scorsese, wanda ya fito a 1991, na ga Robert De Niro maƙale a ƙarƙashin mota, ai sai dariya ta ƙwace mini a wurin da ya kamata in ji tsoro. Katun ya riga ya ɓata mini fim ɗin, kuma ban ji haushi ba.

Wannan ne ya sa da yayana ya bar mini akwatin DVD na zango na biyar, kashin "Cape Feare" na fara nema. Akwatin ya fito a ƙarshen 2004. Faifai huɗu ne, kashi 22, waɗanda tashar Fox ta Amurka ta haska tsakanin 1993 da 1994, lokacin da David Mirkin ya karɓi ragamar shirin. Kowane kashi yana da sharhin masu shirya shi, wato ka kunna, su kuma suna hira a kan hoton. Don wannan sharhin kaɗai ma akwatin ya cancanci ajiyewa.

Ga misali. A kashin nan na Bob akwai wurin da ya fito daga ƙarƙashin motar a jigace, bayan Homer, uban gidan Simpson, ya bi da shi ta cikin saurar ƙaya. Yana miƙewa ya taka manjagara, ƙotarta ta taso ta make shi a fuska. Ya yi gurnani, ya juya, ya taka wata. Ya sake juyawa, ga wata. Sau tara. A na uku dariya ta fara ƙarewa, a na biyar ka fara cewa to ya isa haka, a na bakwai kuma ka tsinci kanka kana riƙe da ciki. Ni da na ɗauka gwaninta ce aka tsara tun farko, sai a sharhin na ji cewa kashin ne ya gaza tsawon da ake buƙata, aka ja wurin don a cike lokaci. Kelsey Grammer, mai muryar Bob, sau ɗaya ma ya yi gurnanin, aka yi ta maimaita shi. Wurin da kowa ya fi tunawa a kashin da aka gina kacokan a kan wani fim, babu shi a fim ɗin.

A nan ƙarfin wannan zango yake. Suna aron ƙashin bayan labarin wani, amma naman nasu ne. Wanda ya san asalin yana samun dariya biyu, wanda bai sani ba bai yi asarar komai ba. Dubi wurin gidan sinima: a fim ɗin, mugun yana zaune gaban iyalin yana busa sigari yana ƙyaƙyata dariya don ya tsorata su. A katun Bob ya yi haka, sai ga Homer a bayansa da sigarin da ya fi nasa girma, da dariyar da ta fi tasa ƙara, har Bob ɗin ne ya juyo yana ƙorafi. Ba sai ka san De Niro ba. Sanin halin Homer ya wadatar.

"Rosebud" ya fi taɓa ni, kuma shi ne na fi maimaitawa. An ɗora shi a kan Citizen Kane na Orson Welles na 1941, labarin attajirin da ya mallaki komai amma zuciyarsa na kan wani abin wasa na yarinta. A nan Mista Burns ne, attajirin da Homer ke yi wa aiki, abin wasan kuma wata tsohuwar 'yar tsana mai suna Bobo, wadda ya yar a cikin ƙanƙara ran da ya bar iyayensa ya bi mai kuɗi. Marubucin, John Swartzwelder, ya bi da 'yar tsanar ta hannun matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh, ta hannun Hitler, ta daskare a ƙarshen arewacin duniya, har ta faɗo cikin buhun ƙanƙarar da Bart, ɗan Homer, ya sayo, ta zama ta ƙanwarsa Maggie. Duk wannan shirme ne mai daɗi. Amma da Burns ya yi tayin dala miliyan ɗaya da tsibirai uku na Hawaii, Homer ya amince, sannan ya dubi fuskar jaririyarsa ya fasa, labarin ya tashi daga na Welles ya koma na uba da 'yarsa. Na kalli wannan wurin da ƙanwata wadda ba ta taɓa jin sunan Orson Welles ba. Shiru ta yi, ta ce, "Yaya, ashe mutumin nan yana da zuciya."

Kashin farko na zangon tarihin ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Beatles ne aka yi wa riga da wando. An kori ɗan sanda Wiggum daga ƙungiyar waƙar su Homer aka sa abokin Homer, Barney, kamar yadda aka sallami Pete Best aka kawo Ringo Starr a 1962. A ƙarshe suka hau rufin mashayar Moe suna waƙa, irin wasan kan rufi da Beatles suka yi a 1969, sai George Harrison, ɗaya daga cikinsu, da muryarsa ta gaskiya ya tsaya a mota, ya ɗaga kai ya ce an riga an yi wannan, ya wuce. Daƙiƙa kaɗan, ya tafi. Haka ya kamata a yi da baƙo. Ka kwatanta da kashin mawaƙiya Lady Gaga na 2012, inda aka kwashe minti ashirin ana yi wa baƙuwa fadanci.

To amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A kashin gidan caca, an sa tsohon ɗan dambe Gerry Cooney yana tarbar baƙi, Otto direban motar makaranta ya kai shi ƙasa da naushi ɗaya. In ba ka san yadda Amurkawa suka ɗauki Cooney bayan karawarsa da Larry Holmes a 1982 ba, wurin zai wuce ka kamar iska. Haka mawaƙi Robert Goulet da ya ɓulla a gidan bishiyar Bart. Sai da na je na bincika ko wane ne. Irin waɗannan sun tsufa tare da jaridun 1993. Abin mamaki, a cikin kashin nan ɗin dai akwai Burns ya kulle kansa a ɗaki, gemu buzu-buzu, yana tsoron ƙwayoyin cuta, ya zura ƙafafu a kwalayen tishu. Attajirin Amurka Howard Hughes ake nufi, amma ko ba a gaya maka ba za ka yi dariya.

"Deep Space Homer" yana tsakiya. Homer na shawagi a kumbo yana cafkar soyayyen dankali da baki bisa kiɗan Johann Strauss, ba'a ga fim ɗin Stanley Kubrick na 1968, 2001: A Space Odyssey, ga ɗan sama jannati Buzz Aldrin na gaskiya a gefensa. Kyakkyawa ne, sai dai Mirkin ya fara jan shirin nesa da falon gidan, abin da daga baya ya zame wa shirin ciwo. Duk da haka, wurin da mai karanta labarai Kent Brockman ya ga tururuwa ta gifta gaban kyamara, ya zaci ƙattin ƙwari sun ƙwace kumbon, nan take ya yi musu mubaya'a a gaban jama'a, ya fi ƙarfin in yi masa gardama.

Hoton faifan na zamaninsa ne, ba mai tsananin haske ba, kuma a babbar talabijin za ka ga layukan suna ɗan rawa. Amma yana kan asalin fasalinsa na 4:3, wato na tsohuwar talabijin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga shirin da ke ɓoye rabin ba'arsa a allunan shaguna da kusurwar hoto. Lokacin da manhajar kallon fina-finai ta Disney+ ta fara a 2019 an yanke sama da ƙasan tsofaffin kashi don su cika faffaɗan allo, masu kallo suka yi ca, sai a watan Mayun 2020 aka dawo da zaɓin asali.

Gargaɗi ɗaya: katun ne, amma ba na yara ba ne. Akwai giya, akwai caca, akwai Bob da wuƙa a hannu. Sharhin ma wani lokaci sai su manta da mu, su shagala da kallo suna dariya a tsakaninsu na tsawon minti guda ba wanda ya ce uffan. Da farko abin ya ba ni haushi. Yanzu in suka yi shirun nan, nakan bi su mu yi dariyar tare.