Gidajen malaman daji a Amurka: yadda ake hayarsu da abin da za ka tarar

'Yan uwa na gida, ina gaisuwa. Cikin abubuwan da ake biyan kuɗi a samu a nan Amurka akwai wanda ya kamata ku ji labarinsa: gwamnati na ba da hayar tsofaffin gidajen malaman daji, mutum ya je ya kwana a tsakiyar gandu shi da iyalinsa.

A 1905 aka kafa hukumar gandun daji ta Amurka, Gifford Pinchot ne shugabanta na farko, amma wasu gidajen sun girme ta. Na Alta da ke jihar Montana tun 1899 aka gina shi, da gungumen itace da rufin ƙasa, yana nan tsaye har yau. Na Wapiti a Wyoming kuwa 1903 ne. A zamanin a kan doki malamin daji ke sintiri, dole a yi masa masauki da wurin ɗaure dabba a cikin dajin. Sai gobarar watan Agusta na 1910 ta cinye eka miliyan 3 a yankin Idaho da Montana, ta kashe fiye da mutum 80. Daga nan aka dage da gina ɗakunan tsaron gobara a kan tsaunuka, da yawansu kuma matasan da gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta ɗauka aiki tsakanin 1933 da 1942 ne suka gina su. Irin da ya fi yawa ɗaki ɗaya ne, ƙafa 14 tsawo ƙafa 14 faɗi, tagogin gilashi ta kowace kusurwa, a tsakiya ga wani faifai mai taswira da ake auna inda hayaƙi ya tashi. Da jiragen sama da hanyoyin mota suka yawaita, aka daina buƙatar yawancinsu.

A shafin Recreation.gov ake kama ɗaki. Yawanci wata shida kafin ranar ake buɗe rajista, waɗanda ke kan tsauni kuma kafin ka ce kwabo an kwashe su. Kuɗin kwana ɗaya galibi bai kai na otal a birni ba. Babu mai tarbarka, lambar buɗe kwaɗo kawai za a ba ka.

A nan bambancin yake da abin da muka saba. Wanda ya sauka a Wikki cikin Yankari ya san akwai ma'aikata da wurin cin abinci. Nan kuwa gado za ka tarar, da tebur, da murhun ƙarfe na itace, da masai a waje. Yawancinsu ba lantarki, ba famfo, waya ma ba lallai ta kama ba. Ka ɗauki ruwa lita huɗu ga kowane mutum a kowace rana, ka ƙara na alwala da wanke-wanke. Ka zo da bargo, fitila, ashana da abinci, kuma duk sharar da ka tara da ita za ka koma. Abinci ba ya kwana a waje saboda namun daji.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne maganar ɓeraye. Kashinsu na iya ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira hantavirus, wadda ke kama huhu har ta yi kisa, kuma ta ƙura ake shaƙarta. Saboda haka idan ka buɗe ɗakin, kada ka ɗauki tsintsiya. Buɗe ƙofa da tagogi minti 30, sa safar hannu, haɗa bilic kashi ɗaya da ruwa kashi tara, jiƙa wurin ya yi minti biyar, sannan ka goge da tsumma ka zubar.

Su kansu gidajen ta ƙasa suke fara lalacewa. Gungumen da ke kan tushe shi ke shan danshi ya ruɓe, bango ya karkata, ƙofa ta ƙi rufuwa. Masu gyara sukan ɗaga ginin gaba ɗaya da jak, su zare ruɓaɓɓen, su sassaƙa sabo daidai da shi su mayar. Dusar ƙanƙara na danne rufi, shi ya sa ake yi masa gangare sosai. Bututun hayaƙi kuma, in ana ƙona ɗanyen itace, wani baƙin danƙo na taruwa a cikinsa har wata rana ya kama da wuta. Ɗakunan kan tsauni an ja musu wayar tagulla daga ƙololuwa zuwa ƙasa saboda aradu, a wasu ma har yanzu akwai kujera mai ƙafafun gilashi da mai gadi ke hawa idan hadari ya taso.

Kuɗin hayar ne ke taimaka wa wannan gyara. Wata doka ta 2004 ta sa mafi yawan abin da aka karɓa yana tsayawa a dajin da aka karɓe shi, ba ya tafiya babbar baitulmali, sannan akwai 'yan sa kai da ke zuwa da bazara su yi fenti su sauya rufi kyauta. A ganina wannan tsari ne ya fi cancanta masu kula da gandayenmu irin su Falgore da Kamuku su duba, in tsaro ya samu: a fara da gini ɗaya mai ƙwarin tushe, a sa masa farashi sananne, a rubuta a doka cewa kuɗin na gyaransa ne.