Sharhi kan fim ɗin Dangerous Liaisons

Na kalli wannan fim ne da dare bayan yara sun yi barci, kuma haka nake ba duk mai son kallonsa shawara ya yi, domin akwai wuraren da ba su dace da idon yaro ba. Stephen Frears ne ya ba da umarninsa a 1988, labarin kuma an ɗauko shi daga littafin Choderlos de Laclos na 1782, shekara bakwai kafin juyin juya halin Faransa ya taso wa masu sarautar ƙasar.

Merteuil bazawara ce mai dukiya da ke son ramuwa a kan tsohon masoyinta, sai ta nemi Valmont, abokin makircinta kuma gwanin yaudarar mata, ya lalata Cécile, yarinyar da tsohon masoyin nata zai aura. Valmont ya raina aikin, domin idonsa yana kan Madame de Tourvel, matar aure mai tsoron Allah, wadda yake ganin idan ya karya ta sunansa zai ƙara ɗaukaka. Da wasiƙu ake ƙulla duk wannan makirci.

Abin da ya riƙe ni shi ne Glenn Close a matsayin Merteuil. A farkon fim ɗin ana nuna bayi suna shirya ta, suna ɗaure mata ƙugu, suna shafa mata hoda, kamar mai shirin fita yaƙi, kuma daga nan na gane cewa kwalliyar sulkenta ce. Tana murmushi ga matar da take cuta, muryarta ba ta ko rawa. A ƙarshe, bayan asirinta ya tonu kuma jama'a sun yi mata ihu a gidan wasan opera, ta zauna ita kaɗai tana goge hodar daga fuskarta ba tare da ta ce uffan ba, kuma har yanzu wannan wuri bai bar zuciyata ba.

John Malkovich, wanda ya fito a matsayin Valmont, bai gamsar da ni ba da farko, domin na kasa ganin abin da mata ke so a tattare da shi, sai da ya zo rabuwa da Tourvel, wadda Michelle Pfeiffer ta fito a matsayinta, yana maimaita jimla ɗaya alhali zuciyarsa tana ƙuna. Keanu Reeves kuwa bai kai sauran ba. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar uku, ciki har da ta sutura, kuma ita ce wadda na fi yarda ya cancanta.