Maskar roba mai matatar ƙura (filta) P3 da na saya a Garuwa, bayan wata shida ina aiki da ita

Salam 'yan uwa masu aikin wuta da masu jan wayar tarho. Tun Nuwamba nake son in yi maganar maskar nan amma na ce bari ta sha zafin Maris da Afrilu tukuna, don a Garuwa kayan aikin da bai ga wannan zafin ba ba ka san halinsa ba.

Dalilin sayenta maigidana ne da ya koya min aiki. Tun kafin a gama dam ɗin Lagdo a 1982 yake hawa poto, wato falwayar wuta, yanzu daga ɗaki zuwa masallacin ƙofar gida sai ya tsaya sau biyu yana haki. An gwada tarin fuka har sau biyu babu, sai da yaransa suka kai shi Yawunde likita ya ɗauki hoton ƙirji ya tambaye shi, Baba wane aiki ka yi a rayuwarka? Nan muka fara jin sunan amiyant, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke ce wa asbestos, wani ma'adini ne mai zare-zare da ake haɗawa cikin kayan gini. Wallahi ranar ban yi barci ba don duk abin da aka lissafa mana cewa akwai amiyant a cikinsa na taɓa shi da hannuna, allon bayan fis a tsoffin tablo (akwatin raba wuta), tsoffin bututun siminti da wayar tarho ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, da kwanon siminti mai ruwan toka ɗin nan da muke hudawa mu wuce da waya ƙurar na zubo mana a fuska muna gogewa da hannun riga. An sa amiyant a cikinsu ne don ba ya cin wuta kuma lantarki ba ya bi ta cikinsa. In yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba da sauƙi, amma kana sa masa injin huji ko na yanka sai ya saki zare wanda ido ba ya gani, ba wari ba komai, ya shige huhu ya zauna, sai bayan shekara 20 zuwa 40 ciwon ya fito, ko huhu ya ƙandare ko ciwon kansa, wato ciwon daji. Faransa ta hana shi tun 1 ga Janairun 1997, mu kuwa tsoffin gine-ginen suna nan muna shiga kullum. Hukumar lafiya ta duniya ta ce sama da mutum 200,000 yake kashewa duk shekara.

To shagon da na je yana wajen babbar kasuwa. Yaron shagon ya fara miƙo min kashne na takarda irin na lokacin korona wai duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne, ko rubutu babu a jikinsa. Alhaji mai shagon dai ya yi min gaskiya, ya ce ɗana wadda kake nufi ba ni da ita amma zan sa a taho da ita daga Duwala. Kwana 12 ta yi, na biya sefa 22,000 har da matata biyu. Ta roba ce mai rufe hanci da baki, matata ɗaya kowane gefe, an rubuta P3 (ajin matatar) da EN 143 (lambar ƙa'idar Turai) a jiki. Ku duba wannan rubutun da kyau, P3 tana tare kashi 99.95 cikin ɗari na ƙura, ta takarda mai rubutun FFP2 da ta cika gari 94 ce kawai kuma ba a yi ta don wannan ba.

Abin da na fi so, kana iya gwada ta da kanka. Ka sa ta, ka toshe matatun da tafin hannu ka ja numfashi, in ta manne a fuska ta tsaya to ta kama, in ka ji iska na shigowa ta gefen hanci sai ka gyara igiya. Nan ne maganar gemu ta shigo kuma dole in faɗa don yawancinmu muna da shi. Robar ba ta kama kan gashi. Ni nawa kaɗan ne na aske inda take zama, amma abokin aikina mai cikakken gemu mun gwada mun gwada iska na shiga, ban ce masa ya aske ba, mun dai raba aiki, ni ke huji shi yana waje yana jan waya har ƙura ta kwanta.

Matsalarta zafi. Ranar da rana ta haura 40 kana cikin silin gumi na taruwa a haɓa har ka ji yana motsi, kamar awa ɗaya nake iya yi sai na fita waje nesa da ƙurar in cire in sha ruwa. Murya ma ba ta fita sosai, in kana sama kana kiran yaro ya miƙo filaya sai da hannu.

Kuma don Allah kada wani ya ɗauka ya sa maska shi ke nan. A kashe wuta tukuna, a jiƙa wurin da ruwa kafin a huda, ban da injin yanka, ban da hurawa da baki ko kwamfreso, ban da shara da tsintsiya a bushe. In ka ga abin yana marmashewa kamar tsohuwar auduga ka bar shi ka faɗa wa mai gini. Kayan aiki ma na daina kai su gida, don akwai matan da suka kamu ta wajen kakkaɓe tufafin mazansu, uwargida ta yi mamaki da farko har sai da na zaunar da ita na yi mata bayani. Mai shan taba kuma haɗarin kansar huhunsa ninkuwa yake. Maskar ina goge ta da jiƙaƙƙen tsumma in sa a leda, matata ba a wanke ta ba a bubbuga ta, in numfashi ya fara nauyi a canza.

Matatun su ne ciwon kai, sefa 7,000 guda biyu kuma sai an jira mota daga Duwala. Na yi wa Alhaji magana ya ce in mun kai mutum biyar zai riƙa ajiye kwali guda a shago, yanzu mu uku ne.