Gashin wuya a Ikeja: zama goma na biya, shida na yi

Ni tela ne a Agege, shekara 22 ke nan ina kan keke, kuma mafi yawan aikina surfani ne, kai a sunkuye daga hantsi har bayan isha'i. Ciwon ya fara ne da sanƙarewar wuya da safe, ina ɗora wa matashin kai laifi. Daga baya ya sauko kafaɗar dama, ya bi ta ƙarƙashin allon kafaɗa, ya gangaro damtse har babban yatsa da manuni, sai in ji kamar an jona min wayar lantarki. Allura ta fara kuɓuce min. A sallah in zan yi sallama ta dama sai na juya da ƙirjina gaba ɗaya. Da daddare ba na samun barci sai na ɗora hannun a kan kaina.

Babu abin da ban yi ba. Man zafi, ƙaho wajen wanzami har sau biyu, jiƙe-jiƙen sanyi da aka aiko min daga gida, sai Diclofenac da nake saye a kemis ina sha safe da yamma har cikina ya fara zafi. Wani maƙwabcina direban tirela da ke lodi a Apapa shi ya matsa min na je asibitin ƙashi na Igbobi. Da hoton MRI ya fito, likita ya nuna min ƙasusuwan wuya guda bakwai, ya ce tsakaninsu akwai wani faifai mai laushi da ke hana su gogar juna, kuma nawa na tsakanin na biyar da na shida, C5 da C6, ya bushe ya lotse, yana matse jijiyar da ke tafiya zuwa babban yatsa. Ya ce mafi yawan masu irin wannan suna samun sauƙi ba tare da an yi aiki ba. Ya dakatar da ni daga Diclofenac saboda cikin, ya rubuta min Pregabalin na dare, ya ce in nemi gashin ƙashi, wato physiotherapy. Daga Agege zuwa Igbobi sau biyu a mako, ga cunkoson Oshodi, ga danfo da ke faɗawa kowane rami wuyana yana amsawa, na ga ba zan iya ba. Shi ya sa na nemi wani wurin gashi mai zaman kansa a cikin Ikeja, wanda jirgin Red Line ke sauke ni kusa da shi. Kun san yadda kuɗin irin waɗannan wuraren yake. Suka ce in na biya zama goma a dunƙule akwai rangwame, na biya.

Zama biyar na farko ba ni da abin cewa sai godiya, kuma duka saboda mace ɗaya ce, likitar gashin da aka haɗa ni da ita, Bayarabiya. Ranar farko ta fi rabin awa tana yi min tambayoyi kafin ta taɓa ni. Ta ce in sa yarona ya ɗauke ni hoto ina aiki ba tare da na shirya ba. Da na kawo mata, ta daɗe tana kallo, ta ce: "Alhaji, kan mutum ya kai kilo biyar. Kai kuma ka rataye shi gaba yini guda, wuya ne ke biyan bashin." Ita ta sa na ɗaga teburin keken da bulo, na matso da fitila kusa da allura don in daina leƙawa, na canza kujera zuwa mai jingina. Ta koya min jan haɓa baya a hankali kamar mai son ɓoye ta, in riƙe kaɗan in saki, da matse allunan kafaɗa biyu a baya. Ta hana ni yini da abin wuyan soso da na saya, ta ce in ya daɗe a wuya naman wurin ne zai yi rauni. Ta kuma ja kunnena cewa duk ranar da na ji ƙafafuna suna harɗewa, ko maɓalli ya gagare ni sawa, ko fitsari ya fara kuɓuce min, kada in jira ranar gashi, in koma wajen likita a ranar, don alama ce ta cewa lakar kanta ake matsewa. Akwai injin jan wuya da take ɗora ni a kai, ana kwantar da mutum rigingine a sa masa ɗamara a haɓa da ƙeya. Da ɗan nauyi kaɗan ta fara, ta damƙa min wani maɓalli a hannu ta ce in na ji zafi ya sauka hannu in danna injin ya tsaya, kuma ba ta taɓa fita ta bar ni ba. Kafin zama na biyar manunin ya farfaɗo, na fara kwana ba tare da hannu a ka ba. Har mutum biyu na tura musu daga layinmu.

To, sai zama na shida, kwana tara kafin Babbar Sallah, shagona cike da kayan mutane. Na je aka ce ba ta nan. Babu wanda ya kira ni ya faɗa min, alhali lambata tana hannunsu, kuma da ita suke tuna min ranar zuwa. Wani matashi ya fito ya ce shi zai duba ni. Na tambaye shi ko ya karanta katina, ya ce ba matsala Baba, kwanta kawai. Ya ɗaure min haɓa, ya danna abin da zai danna, ya fita wajen wata tsohuwa a ɗakin gaba. Bai ba ni maɓallin ba. Ina ganinsa rataye a jikin injin, nesa da hannuna.

Jan farko na san ba irin wanda na saba ba ne. Na biyu kuwa sai na ji wuta ta taso daga wuya ta bi damtse ta fita ta yatsa. Wanda bai taɓa kwanciya a wannan injin ba ba zai gane ba: ɗamarar tana danne muƙamuƙi, baki ba ya buɗuwa sosai, ga janareta yana ruri a bayan taga. Na yi kira, ba a ji ba. Na buga gadon da hannun hagu, na buga da dunduniya. Tsoro ya hana ni fizge kaina, don ban san abin da zai tsinke a ciki ba. Injin ya ja, ya saki, ya sake ja, ni kuma ina ta Innalillahi a zuci, hawaye na gangarowa cikin kunnena. Ban san minti nawa ba ne. Mai shara ce ta leƙo ta gan ni, ta ruga ta kira shi. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne wai haka ake ji in jijiya tana buɗewa. Wannan maganar ta fi zafin ciwo a wurina, domin ita likitar da bakinta ta ce min zafin da ya sauka hannu alamar a tsaya ce.

Kwana uku ban runtsa ba. Uwargida ce ke dafa ruwa tana gasa min da tawul tsakar dare. Manyan riguna huɗu na mayar wa masu su ba a yi musu aiki ba, ɗaya ta wani dattijo ce da nake wa ɗinki tun ina yaron shago, ya karɓa bai ce komai ba sai "Allah ya sawwaƙe, Malam", wallahi da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Duk tela ya san abin da ake nufi da rasa makon Sallah.

Da na samu na miƙe na koma na nemi manaja. Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa, ya ce za su bincika. Na ce a mayar min da kuɗin zama huɗun da suka rage. Ya ce kuɗin dunƙule ba ya komawa, yana rubuce a takardar da na sa hannu, amma za su ƙara min zama ɗaya kyauta. Wato in sake kwanciya a gadon da ya hana ni barci, shi ne diyyata. Na tambaye shi ko yaron likitan gashi ne mai lasisi ko mai koyo, ya kauce wa tambayar har sau biyu.

Ita kuwa da ta dawo, da wayarta ta kira ni, ba ta ofis ba. Ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin, ta yi min tambayoyi ɗaya bayan ɗaya kan ƙarfin hannun da tafiyata, ta ce in koma wa likitana ya sake dubawa, in bar injin gaba ɗaya, in ci gaba da jan haɓa da zarar zugin ya lafa. Na koma, aka duba, aka ce jijiyar ta fusata ne amma ƙarfin hannun bai ragu ba. Saboda wannan baiwar Allah na so in ce wurin yana da kyau, kuma na kusa rubuta hakan. Amma in na tuna maɓallin nan a rataye, sai zuciyata ta ƙi. Mutum biyun da na tura na bi su har shago na ce su tambayi wanda zai taɓa su kafin su kwanta, kada su yarda a ɗaure musu haɓa maɓalli ba ya hannunsu, kuma kada su biya a dunƙule komai rangwamen.

Yau wata huɗu ke nan. Ba na zuwa gashi ko'ina. Teburin yana nan a kan bulo, na sa ƙararrawa a waya duk rabin awa in miƙe in ja haɓa sau goma, yaran shago har sun saba suna tuna min in na yi nisa a aiki. Sallama ta dama ta dawo, babban yatsan ne har yanzu yake sagewa in na daɗe a kan surfani, musamman ranar da aka yi ruwa. Rasit ɗin zama huɗun yana cikin durowar keke, na kira su sau uku a kansa, na ƙarshe ba su ɗauka ba.