Sharhi kan Expo da EAS: ko sun ishi mai haɗa manhaja shi kaɗai?

Wanda yake haɗa manhajar waya shi kaɗai ya san cewa rubuta kod ne ɓangare mai daɗi. Wahalar tana cikin hidimomin da ke kewaye da shi: saita Android Studio da Xcode, sa wa manhaja hannun tsaro, adana mabuɗan da in suka ɓata an shiga uku, da kai kaya Google Play da App Store. Wannan nauyin ne Expo ya ce zai ɗauke, kuma gaskiya ya ɗauke kaso mafi tsoka. Sai dai yana da ƙa'idojinsa, kuma yawancin kukan da ake yi da shi daga tsallake ƙa'idojin nan yake tasowa.

An ɗora Expo ne a kan React Native, wanda Facebook ya saki ga jama'a a 2015. Kana rubutu sau ɗaya da JavaScript ko TypeScript, manhaja ta fito a Android da iPhone. Abu biyu ne a ƙarƙashin sunan, kuma gara a raba su tun yanzu. Akwai kayan aikin kansu, kyauta ne kuma kod ɗinsu a buɗe yake. Akwai kuma EAS, wato hidimar da kamfanin ke gudanarwa a kan sabobinsa, mai rassa uku da suka fi shafar mu: Build mai gina manhaja, Submit mai miƙa ta shago, da Update mai tura gyara kai tsaye zuwa wayoyin jama'a.

Farawa ba ta da wuya. Idan akwai Node.js a kwamfuta, `npx create-expo-app@latest` zai kafa aikin, `npx expo start` ya fito da lambar QR, ka haska ta da waya mai ɗauke da Expo Go, sai ga manhajarka a hannu. Duk abin da ka canza a kod yana bayyana cikin daƙiƙu. Sharaɗi shi ne waya da kwamfuta su kasance a kan Wi-Fi ɗaya. In layin yana hana na'urori ganin juna, ƙara `--tunnel`, zai yi aiki amma da nawa. Shafuka kuwa Expo Router ne ke tsara su: kowane fayil a cikin foldar `app` shafi ne, ba sai ka rubuta taswirar zirga-zirga da hannu ba.

Expo Go ɗin nan shi ne abin da ya fi jan mutane, shi ne kuma tarkon farko. Kamar gidan haya yake: ka jera kayanka yadda kake so, amma ba ka da ikon fasa bango. Manhaja ce da aka riga aka gina da wasu zaɓaɓɓun laburare na Kotlin da Swift (harsunan rubuta manhajar Android da iPhone) a ciki, JavaScript ɗinka kawai take ɗauka ta kunna. Ranar da ka saka laburaren da ke da nasa kod na asali (irin na Kotlin ko Swift) wanda ba ya cikin jerin, misali na sayayya a cikin manhaja ko React Native Firebase, sai jan allo ya fito yana cewa ba a sami wani ɓangare ba. Ba kuskuren rubutunka ba ne, ɓangaren ne babu shi a cikin Expo Go. Ƙari a kan haka, Expo Go da ke shago SDK ɗaya kaɗai yake ɗauka, wato siga ɗaya ta kayan aikin Expo, don haka idan waya ta sabunta shi da kanta, aikin da ke kan tsohon SDK ya daina buɗewa. Daga SDK 53 kuma an cire karɓar sanarwar da sabar ke turowa daga Expo Go na Android. Tambarin manhajarka da allon buɗewa ma ba za ka ga ainihinsu a ciki ba.

Shawarar da ta fi kowace amfani a nan ita ce a bar Expo Go da wuri, tun kafin aiki ya yi nisa. Ka saka `expo-dev-client`, ka yi `eas build --profile development --platform android`, ka ɗora abin da ya fito a waya. Yanzu kana da Expo Go naka na kanka, mai ɗauke da laburarenka, kuma saurin ganin canji yana nan yadda yake. Ba ka buƙatar sake gini sai ka ƙara laburare mai kod na asali, ko ka taɓa izini ko tambari a `app.json`. Mutane da yawa suna ƙona ginin da aka ba su na wata a kan canjin launi da rubutu, alhali bai buƙaci gini ba sam.

Wajen saka laburare, yi amfani da `npx expo install` maimakon `npm install`. Na farkon yana duba SDK ɗinka ya zaɓo sigar da ta dace da shi, na biyun kuwa sabuwa fil yake kwasowa ko ta dace ko ba ta dace ba. Wannan ɗan bambancin yana haifar da gini mai faɗuwa da saƙo mai tsawon gaske daga Gradle, mai gina manhajar Android, wanda ba ya nuna inda cutar take. Kafin kowane gini, `npx expo-doctor` yana kama irin wannan saɓanin cikin ƙanƙanin lokaci.

Foldojin `android` da `ios` ma suna da tasu doka. Expo ne ke samar da su daga `app.json` ta hanyar `npx expo prebuild`. In ka shiga ka gyara fayil a ciki da hannu, ranar da aka yi `prebuild --clean` gyaran ya tafi. Ko dai ka bar su ga Expo ka riƙa yin canji ta `app.json` da filogin na saiti, ko ka karɓe su gaba ɗaya ka riƙa kula da su da kanka. Tsayawa a tsakiya shi ne asara.

EAS Build ne inda Expo ya fi cancantar yabo. Mai kwamfutar Windows ko Linux zai iya gina manhajar iPhone ba tare da mallakar Mac ba, domin a kan na'urorin Mac na kamfanin ake ginin, kuma EAS na iya ƙirƙira da adana takardun shaidar Apple da mabuɗin sa hannu na Android. Fayil ɗin `eas.json` yana zuwa da tsari uku: `development` na aiki, `preview` na masu gwaji, `production` na shago. Tsarin kyauta yana da iyakar gini a wata, kuma layinsa na baya ne, wani lokaci jira ya fi ginin kansa tsawo. Mai Mac ko Linux zai iya kauce wa layin da `eas build --local`.

Abin da ya fi kayar da gini a sabar bayan ya yi lafiya a kwamfutarka shi ne `.gitignore`. EAS ba ya ɗaukar fayilolin da ka ce Git ya yi watsi da su, saboda haka `google-services.json` ko `.env` da ke zaune a kwamfutarka ba su isa can ba. Maganinsa shi ne a ɗora su a matsayin sirrin muhalli a EAS. Sai batun APK da AAB, nau'o'i biyu na fayil ɗin manhajar Android: tun Agustan 2021 Google Play ke neman AAB ga sababbin manhajoji, amma AAB ba ya ɗoruwa kai tsaye a waya. In za ka tura wa mai gwaji fayil, tabbatar tsarin `preview` APK yake fitarwa. Ka kunna `autoIncrement` kuma, domin shago ba ya karɓar lambar gini ɗaya sau biyu. Mabuɗin Android ɗin nan, ko da EAS na riƙe da shi, sauke kwafinsa ta `eas credentials` ka ajiye a wuri mai aminci.

Akwai abin da Expo ba zai yi maka ba, kuma tallansa ba ya yawan faɗa. Rajistar Google Play dala 25 ce sau ɗaya, ta Apple dala 99 duk shekara. Asusun mutum ɗaya da aka buɗe a Google bayan 13 ga Nuwamban 2023 sai ya yi rufaffen gwaji na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fita fili. Da farko masu gwaji 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12. Fom ɗin tsaron bayanai, shafin manufar sirri da hotunan shago duk da hannu za ka cike su.

EAS Update kuwa wuƙa ce mai kaifi. Yana tura JavaScript da hotuna zuwa wayoyi ba tare da jiran bitar shago ba, wanda ga mutum ɗaya da ya gano kuskure bayan fitarwa babban sauƙi ne. Haɗarin yana wajen `runtimeVersion`. Idan ka ƙara laburare mai kod na asali, sannan ka tura sabuntawa zuwa tsohon gini da ba shi da wannan ɓangaren, manhaja na iya mutuwa a hannun jama'a da zarar ta nemi abin da babu. Tsarin `fingerprint` yana rage wannan, domin yana canza lambar da kansa duk lokacin da ɓangaren asali ya canza. Ko da shi, fara turawa ta tashar `preview`, ka gwada a waya ta gaske, sannan `production`.

Masu dogaro da mataimakan kod na ƙirƙirarriyar basira su yi hattara a nan fiye da ko'ina. Expo yana fitar da sabon SDK kusan sau uku a shekara, mataimakan kuwa sun koyi abu mai yawa daga tsofaffin rubuce-rubuce. Shi ya sa za ka ga sun ba ka `expo build:android`, hidimar da aka rufe a Janairun 2023, ko `expo eject`, ko `expo publish`, ko su rubuta maka na'urar kunna bidiyo da `expo-av` bayan an maye gurbinsa da `expo-video` da `expo-audio`. Kod ɗin zai yi kyau a ido, matsalar sai wajen gini. Ka faɗa wa mataimakin lambar SDK ɗinka a farkon zance, ka liƙa masa `package.json` da shafin bayanin laburaren na yanzu, kuma kada ka bar shi ya taɓa foldar `android` don “gyara” kuskuren Gradle.

Mafi muni shi ne mabuɗin API, wato lambar sirrin da ke ba manhajarka damar amfani da hidimar wani kamfani. Duk abin da sunansa ya fara da `EXPO_PUBLIC_` ana dasa shi ne a fili cikin kod ɗin da ke tafiya wayar mai amfani, kuma wanda ya san hanya zai zaro shi daga APK. Mabuɗin OpenAI, Anthropic ko Gemini da aka saka a nan ya zama na kowa, kuɗin kuma daga asusunka za su fita. Wurinsa sabar ne: manhaja ta yi magana da sabarka, sabar ta yi magana da kamfanin. Expo Router na da fayilolin `+api.ts` don wannan aikin. Ka sa iyakar kashe kuɗi a asusun kamfanin kuma.

Ga mai ɗaukar bidiyon manhajarsa don nuna ci gaba, kada a ɗauka daga ginin `development`. Yana da nauyin kayan bincike, motsi yana tsinkewa, mai kallo ya zaci manhajar ce ba ta da kyau. Ɗauka daga `preview`. A Android `adb shell screenrecord` yana ba da hoto tsaf amma ba sauti, kuma yana tsayawa a minti 3 in ba a canza ba. A kwaikwayon iPhone akwai `xcrun simctl io booted recordVideo`. Bidiyon gabatarwa na App Store daƙiƙa 15 zuwa 30 ne, Google Play kuwa adireshin YouTube yake karɓa.

Harajin da ake biya a kai a kai shi ne ɗaga SDK. Ba a iya zama a tsohuwa har abada, domin Google na ɗaga matakin Android da manhaja za ta nufa a ƙarshen Agustan kowace shekara. Hawa ɗaya bayan ɗaya ya fi tsallake uku a tashi guda, kuma laburaren da masu shi suka yi watsi da shi ne ke fara karyewa, musamman tun da sabon tsarin ginin React Native ya zama wanda ke zuwa a kunne tun farko daga siga 0.76 a 2024. Manhajar da aikinta fom ne, jeri, biyan kuɗi, kyamara da hira da sabar, Expo ya ishe ta har ta girma. Wadda zuciyarta tace bidiyo mai nauyi ce ko wasa mai zane na 3D za ta tilasta maka rubuta Kotlin da Swift ko ta yaya, kuma a nan ribar Expo ta ragu sosai.