Motar dizal ta hannu: wadda ta ci hanya ko wadda ta sha zaman gari?

A ajiye maka motoci biyu masu dizal, ƙira ɗaya, shekara ɗaya. Mitar ta farko tana kan kilomita 70,000, mai ita daga gida sai wurin aiki. Ta biyu ta kai 180,000, amma doguwar hanya take ci, kuma ga rasit na kowane sabis. Yawancin masu saye ta farkon za su nufa. Ni ta biyun zan ɗauka, domin injin dizal bai son gajeriyar tafiya.

Tun daga Euro 5, ƙa'idar rage hayaƙin mota ta Turai ta 2009, kusan duk motar dizal da aka ƙera don kasuwar Turai tana da matatar baƙin hayaƙi a salansa, wato DPF. Wannan matata tana tara kunkunniya, kuma ba ta ƙone ta sai zafi ya kai wajen digiri 600, abin da ke samuwa idan mota ta jima tana gudu a babban titi. Motar da ke fama da cunkoso takan fara ƙonawar, direba ya kashe inji ba ta gama ba. Dizal ɗin da inji ya ƙara fesawa don tada wannan zafi sai ya sulale cikin baƙin mai ya tsinka shi. Shi ya sa idan ka zaro gejin baƙin mai ka ga man ya haura alamar cika, yana warin dizal, kada ka yi murna. Baƙin launinsa kuwa ba laifi ba ne, man injin dizal yakan yi baƙi jim kaɗan bayan juye.

Sai ka tambayi tazarar juye. Akwai masu canza mai duk kilomita 10,000 zuwa 15,000 ko duk shekara, akwai kuma tsarin dogon zango irin LongLife na Volkswagen, wanda ke iya kaiwa 30,000 ko shekara 2. Dogon zangon ya dace da mai tafiyar nesa, amma ga motar gari zalunci ne ga turbo da sarƙar taimin, wadda ke daidaita motsin fistan da bawul. In da zaɓi, ɗauki wadda aka riƙa yi wa juye da wuri, kuma ka duba rasit ko an zuba mai mai ƙarancin toka, rukunin ACEA C, domin man da bai dace ba yana toshe DPF. Duba har ranar da aka canza filtar dizal, don nozul na injunan zamani suna aiki da matsin da kan kai bar 2,000 (bar ma'aunin matsi ne), ruwa ko datti kaɗan ya isa ya lalata su.

Batun taimin ba ya karɓar "ina jin an canza". Inji mai bel yana da wa'adi na kilomita ko na shekaru, duk wanda ya fara cika, kuma littafin motar ne zai faɗa maka. Idan bel ya tsinke, fistan ya haɗu da bawul, inji ya buga ke nan. Babu rasit? Ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗin bel da famfon ruwa daga ciniki. Mai sarƙa ba ya buƙatar wannan canji a kai a kai, sai dai ka saurari ƙarar karkaɗawa da zarar an tayar da shi.

Don haka ka je wa motar da sanyinta. Taɓa inji kafin a murza makulli. Idan da ɗumi, an riga ka tayarwa, ka dawo wata safiyar. Ya kamata ta tashi da zarar fitilar hita ta mutu, ta zauna a silo ba rawa. Tsaya a baya ka kalli hayaƙi: shuɗi yana nuna mai na ƙonewa, farin da ya ƙi ɗaukewa nozul ne ko ruwa na shiga, baƙi kuma a mota mai DPF yana nuna matatar ta fashe ko an fafe ta. Kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi sako-sako inji na aiki. Idan iska na tunkuɗe shi da ƙarfi tare da hayaƙi, ringi sun gaji.

Ka gwada ta a titi har ta yi zafi, ka taka totur a giya mai nauyi ka ji ko kuloci na zamewa. Motocin Euro 6 da yawa suna shan AdBlue, wato ruwan rage gubar hayaƙi, idan ya ƙare ba sa tashi, ka tabbata babu fitilar gargaɗi. Daga nan bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, ya jona kwamfuta ya karanto maka lafiyar nozul, cikar DPF, da kilomita nawa aka yi tun ƙonawar ƙarshe. Mai motar da ya hana a jona kwamfuta, ka yi masa sallama ka nemi wata.